Kabbarar ranar hukuncin Hanifa da shirun da ya biyo baya

Ina zaune a benci a shagon telan unguwarmu ina jiran a ƙarasa mini ɗinki, labarin ya shigo. Wani yaro cikin masu koyon aiki ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, "An yanke masa. Rataya." Babu wanda ya tambaye shi wa aka yanke wa. Maigidan shagon ya ɗauke ƙafa daga keke ya yi kabbara, muka amsa masa gaba ɗaya. Wata mata da ta kawo atamfa ta jingina da bango ta fashe da kuka, tana ta maimaita alhamdulillahi. Ranar Alhamis ce, 28 ga Yuli, 2022, ranar da Mai Shari'a Usman Na'abba na Babbar Kotun Jihar Kano ya yanke wa Abdulmalik Tanko da Hashimu Isyaku hukuncin kisa ta hanyar rataya saboda kashe Hanifa Abubakar, yarinya 'yar shekara biyar.

Ni ma na yi kabbarar, kuma har yau ban yi da-na-sanin yin ta ba. Ina da 'ya mace wadda a lokacin ba ta girmi Hanifa da komai ba, kuma kullum da yamma nakan tsaya a ƙofar gida ina kallon ta tana tahowa daga Islamiyya da 'yar jakarta. A irin wannan hanya aka ɗauke Hanifa a farkon Disambar 2021. Wanda ya ɗauke ta shi ne mai makarantar bokon da take zuwa, Noble Kids Academy, mutumin da iyayenta suka damƙa masa amana suna biyan sa kuɗi. Aka nemi fansar naira miliyan shida. Da ya ga yarinyar ta san shi, sai ya ba ta maganin ɓera, aka binne ta a harabar makaranta. Shi da bakinsa ya faɗa wa 'yan jarida haka bayan an kama shi a Janairun 2022. Duk uban da ya ji wannan labari bai ji hanjinsa ya kaɗa ba, to, sai a binciki zuciyarsa.

Saboda haka ba na cikin masu cewa murnar jama'a a ranar hukuncin rashin wayewa ce ko ƙishin jini. Na karanta irin wannan magana a Facebook a wancan makon, kuma na ga masu yin ta ba su fahimci abin da mutane ke yi wa murna ba. Matar da ta yi kuka a shagon tela ba son ganin gawa take ba. Abin da ya sa ta kuka shi ne, sau ɗaya a rayuwarta ta ga an kai mai laifi gaban alƙali, an kawo shaidu, an saurari kowa, an yanke hukunci tun ba a manta da sunan wadda aka kashe ba. A ƙasar da uba yakan mutu ya bar wa 'ya'yansa gadon shari'ar gona, a ce shari'ar kisan kai ta ƙare a cikin kusan wata shida, ai abin kabbara ne.

Damuwata tana wani wuri. Mun ɗauki ranar hukuncin a matsayin ƙarshen magana, muka karkaɗe riga muka watse, alhali tambayoyin da suka fi nauyi a ranar suka fara.

Ta farko: me ya sa wannan shari'a ta yi sauri? Kowa ya san amsa. Ƙasa ce ta ɗauki zafi. Gidajen rediyon Kano ba su da wata magana sai ita, limamai sun yi huɗuba a kanta, hoton yarinyar da ɗan hijabinta ya shiga kowace waya, fadar shugaban ƙasa ta yi ta'aziyya, uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Aisha Buhari, ta sa baki. Kwamishinan shari'a na jihar, Musa Abdullahi Lawan, da kansa ya jagoranci lauyoyin gwamnati. Da aka haɗa wannan duka, sai ga shi takardun bincike ba su ɓace ba, shaidu sun zo, motar da za ta kawo waɗanda ake tuhuma daga gidan yari ba ta rasa mai ba. Wato kotunanmu suna iya aiki. Hanifa ta tabbatar mana da haka. Amma ta kuma tona mana cewa sai an yi ihu kafin su yi.

Ka dubi shari'ar Ummukulsum, wadda aka fi sani da Ummita, da wani ɗan ƙasar Sin, Geng Quangrong, ya kashe a gidansu a Janbulo a Satumbar 2022. Ita ma ta sami idon jama'a, kuma a Maris na 2024 Mai Shari'a Sanusi Ado Ma'aji ya yanke masa hukuncin kisa. Shekara ɗaya da rabi. Ta Maryam Sanda, da aka samu da laifin kashe mijinta Bilyaminu Bello a Abuja a Nuwambar 2017, ta kai Janairun 2020 kafin Mai Shari'a Yusuf Halilu ya yanke hukunci. Waɗannan su ne shari'o'in da duniya ta zuba wa ido. A bayansu akwai dubban da ba wanda ya san da su. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu komai ba. A gidajen yarin Kurmawa da Goron Dutse da ke Kano akwai waɗanda ake tuhuma da kisa da suka shekara da shekaru suna jiran shari'a. Cikinsu akwai masu laifi da iyalan mamatan ke jiran a hukunta, akwai kuma waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, tsautsayi ne ya rutsa da su a wurin kame. Duka ɓangarorin biyu ana zaluntar su, kuma ba mai yi musu ihu, domin ba su da hoton da zai zagaya waya.

Ba ina cewa a rage wa Hanifa abin da ta samu ba. Cewa nake abin da ta samu haƙƙin kowa ne, ba alfarma ba. Idan adalci sai da ihu, to wanda aka kashe masa ɗa a ƙauyen da babu intanet ya shiga uku.

Tambaya ta biyu ta shafi alkawarin gwamna. Tun shari'a ba ta yi nisa ba, gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce idan kotu ta yanke hukuncin kisa ba zai ɓata lokaci ba wajen sa hannu. Jama'a suka ji daɗi, ni ma na ji. Daga baya da na zauna na yi tunani, sai na ga alkawari ne da ba a hannunsa yake ba. Wanda babbar kotu ta yanke wa hukuncin kisa yana da damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan Kotun Ƙoli, kuma muddin ƙararsa tana gaban alƙalai babu gwamnan da doka ta yarda ya miƙa shi ga hauni. An taɓa yin wannan kuskure a Jihar Oyo a 1981, aka zartar wa wani mutum, Nasiru Bello, hukuncin kisa alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana jiran a saurare ta, kuma a 1986 Kotun Ƙoli ta ce gwamnati ta karya doka. Lauyoyin gwamnati sun san wannan sarai. Amma ba wanda ya tsaya ya yi wa talaka bayani, aka bar shi yana zaton bayan kwana kaɗan za a ji an rataye. Ganduje ya sauka daga mulki a Mayun 2023 ba a zartar ba. Mutumin da ya yi kabbara a 2022, yau in ka tayar masa da zancen, abin da zai ce maka shi ne, "Ai dama na san ba za su kashe shi ba." Ya fita daga shari'ar da ƙarancin yarda da hukuma fiye da yadda ya shiga, alhali shari'ar ita kanta an yi ta daidai.

A nan ne nake ganin babbar yaudarar take, kuma ba ta gwamna ɗaya ba ce. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta tanadi kisa ga wanda ya kashe rai da gangan, kuma alƙali ba shi da zaɓi idan laifin ya tabbata. Alƙalai suna yankewa. Amma gwamnoni sun daina sa hannu. Waɗanda aka sani an zartar wa hukunci a shekarun baya-bayan nan a Jihar Edo ne, mutum huɗu a 2013 da uku a 2016. Masu jiran hauni a gidajen yarin ƙasar nan sun haura dubu uku. A 2019 ma an yi dokar gidajen gyaran hali wadda ta ba babban alƙalin jiha ikon mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai idan mutum ya gama ɗaukaka ƙararsa kuma ya shekara goma ba a zartar ba. Wato hukuma ta riga ta san ba zartarwa za ta yi ba, har ta shirya wa abin mafita, amma ba ta da ƙarfin halin fitowa ta faɗa wa mutane. An bar hukuncin kisa a takarda don a kwantar wa jama'a da hankali ranar da suka fusata, an kuma ƙi aiki da shi don kada a ɓata da ƙasashen waje da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, ko don gwamna yana tsoron ɗaukar alhakin rai.

Ra'ayina a kan wannan ba a ɓoye yake ba. A irin laifin da aka yi wa Hanifa, na yarda da hukuncin kisa. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ya san Malikiyya sun ware wani nau'in kisa da ake kira kisan gilla, wato a yaudari mutum a kai shi inda ba mai ceton sa a kashe shi, galibi don dukiya. Irin wannan babu afuwa a cikinsa, ko iyayen mamaci sun yafe, domin laifi ne a kan al'umma gaba ɗaya. Da wuya ka sami misalin da ya fi dacewa da wannan bayani kamar malamin da ya ɗauki ɗalibarsa da ta yarda da shi. To amma ko wanda bai yarda da hukuncin kisa ba, ina ganin za mu haɗu a wuri ɗaya: a faɗa mana gaskiya. Idan za a zartar bayan an ƙure duk matakan ɗaukaka ƙara, a zartar. Idan an yanke shawarar ba za a ƙara zartarwa ba, a kai maganar majalisa a fili, a yi muhawara, malamai su faɗi nasu, lauyoyi su faɗi nasu, iyalan waɗanda aka kashe su faɗi nasu, a canza doka kowa yana gani. Abin da ba shi da kyau shi ne a sa uwa ta zauna a kotu ta ji alƙali ya ce "rataya," ta koma gida tana ganin an share mata hawaye, alhali duk wanda ke sanye da baƙar riga a zauren ya san ba za a yi ba.

Shari'ar Maryam Sanda ta nuna inda wannan rufa-rufa ke kaiwa. A Oktoban 2025 sunanta ya fito a jerin waɗanda Shugaba Bola Tinubu ya yi wa afuwa. Ƙasa ta ɗauki hayaniya, fadar shugaban ƙasa ta ja da baya ta mayar da abin ɗaurin shekara 12, sannan a Disamba Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisan. Cikin wata uku an gaya wa iyalai biyu magana uku daban-daban a kan rai ɗaya. Tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni ikon afuwa, a sashe na 175 da na 212, ba wanda ya musa. Amma abin da talaka ya karanta a cikin lamarin shi ne mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ko an yi afuwar da kyakkyawar niyya, yadda aka yi ta a rufe, ba tare da an bayyana ma'aunin da ya sa aka zaɓi wannan aka bar dubban da ba su da kowa ba, ya isa ya sa a yi wannan zato.

Sai dai ba hukuma kaɗai ke da laifi ba, mu ma da namu, kuma shi ya fi yi mini wuyar rubutawa.

Kwanaki kaɗan bayan an gano gawar Hanifa, wasu matasa suka je da dare suka cinna wa makarantar wuta. Mutane da yawa sun yaba musu. A lokacin shari'ar kuma na sha jin ana tsine wa lauyoyin da suka tsaya wa waɗanda ake tuhuma, ana cewa wane irin Musulmi ne zai kare wannan mutum. Da Tanko ya shiga kotu ya musanta kisan da ya amsa a gaban 'yan jarida, sai aka ce me ake jira, ai ya riga ya faɗa da bakinsa, a kai shi filin idi kawai. Da aka ba ta ukunsu, Fatima Musa, ɗaurin shekara biyu, wasu suka ce an sayar da shari'a.

Na fahimci zafin, amma a yi tunani. Dalilin da ya sa hukuncin Mai Shari'a Na'abba yake da nauyi shi ne an ba mutumin lauya, an bar shi ya musa, an sa masu gabatar da ƙara sun tabbatar da abin da suke faɗa da hujja. Da an hana shi lauya, da kotun sama ta rushe hukuncin cikin sauƙi, kuma da mu da kanmu muka buɗe masa ƙofar tsira. Lauyan da muka tsine wa yana cikin waɗanda suka sa hukuncin ya tsaya da ƙafarsa. Amsa laifi a hannun jami'an tsaro kuwa, duk wanda ya san ƙasar nan ya san ba kullum yake nufin gaskiya ba, domin akwai waɗanda suka amsa abin da ba su yi ba saboda azaba. A wannan karon mai laifin ne ya amsa. Gobe zai iya zama ɗanka ne aka kama a bisa kuskure, kuma ranar za ka gode wa Allah da alƙali ba ya yanke hukunci da abin da aka gani a bidiyo. Haka ma bambancin hukuncin Fatima da na sauran biyun: kotu tana auna abin da aka tabbatar a kan kowa ne, ba ta raba laifi daidai wa daida don mutane suna fushi.

Masu cewa a bar jama'a su yi hukunci da hannunsu, ina so su tuna Uromi. A Maris na 2025, a Jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa gida Kano don yin salla, aka ga bindigogin farauta a motarsu, wani ya ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu, aka ƙona su. Waɗanda suka yi wannan aika-aika su ma sun gaji da satar mutane a yankinsu, su ma suna cewa in an kai wa hukuma sakin su za a yi, su ma sun tabbata a ransu cewa masu laifi suka kama. Maganar da muka yi a Kano a Janairun 2022 ita suka yi, sai dai a wannan karon 'yan'uwanmu ne a ƙasa. Ranar duk mun nemi a bi doka, a kama, a kai kotu. Ba zai yiwu mu so kotu ranar da aka zalunce mu, mu raina ta ranar da muke da fetur da ashana a hannu ba.

Akwai kuma abin da muka bari ya wuce gaba ɗaya. Bayan kisan, gwamnatin Kano ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu ta ce sai an sake tantance su. A lokacin kowa yana maganar wa ke buɗe makaranta, wa ke duba tarihin malami kafin a ba shi yara, wa aka yarda ya ɗauki yaro idan an tashi. Waɗannan su ne tambayoyin da za su ceci Hanifa ta gaba, domin rataye mutum ɗaya ba ya tantance malami ko ɗaya. Ni kaina da nake wannan rubutu, na yi mako biyu ina kai 'yata makaranta da ƙafata ina ɗauko ta, na tambayi shugaban makarantar tambayoyi masu zafi, sannan harkokin rayuwa suka janye ni na koma yadda nake. Fushinmu wutar kara ce, takan tashi sama har a hango ta daga nesa, kafin a ɗora tukunya ta zama toka. Iyaye nawa ne a yau suka san ko makarantar da ke lungunsu tana da rajista? A taron iyaye da malamai, sau nawa aka tayar da maganar tsaron yara, ba maganar ƙarin kuɗin zango ba?

Abin da nake so mu riƙe daga shari'ar Hanifa shi ne ma'auni. Mun ga ana iya gama shari'ar kisa a wata shida ba tare da an tauye wa wanda ake tuhuma haƙƙinsa ba. To mu riƙa tambayar kwamishinan shari'a, kowane ne a kan kujerar, shari'o'in kisa nawa ne a gabansa suka haura shekara uku, kuma me ya riƙe su. Gidajen rediyon da suka yi mana sharhi kullum a 2022 su ware ko minti goma a mako su bi sawun shari'o'in da ba su yi suna ba. Mai neman kujerar gwamna kuma, kafin a ba shi ƙuri'a, a tambaye shi a bainar jama'a ko zai sa hannu a takardar kisa ko ba zai sa ba, ya faɗa tun yanzu, kada ya jira ranar da gari ya ɗauki zafi.

A layinmu akwai wani dattijo mai sayar da itace. 'Yan ƙwacen waya suka daɓa wa ɗansa wuƙa da magariba, yana dawowa daga wurin aiki, ya cika kafin a kai shi asibiti. An kama mutum biyu. Ba a sa hoton yaron a ko'ina ba, ba wanda ya yi huɗuba a kansa. Duk ranar zaman kotu dattijon yakan rufe wurin sana'arsa, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya hau adaidaita sahu ya tafi. Wani lokaci a ce alƙali ya yi tafiya, wani lokaci a ce ba a kawo waɗanda ake tuhuma ba, wani lokaci ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki. Yana cikin waɗanda suka yi murna ranar hukuncin Hanifa, har ya ce mini, "Malam, ka ga ashe ana yi." Da na gamu da shi kwanan baya na tambaye shi inda aka kwana, sai ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu, duk ta tsufa saboda naɗewa, ya nuna mini jerin ranakun da ya rubuta ya soke ɗaya bayan ɗaya. An sake ɗagewa zuwa bayan hutun alƙalai.